Ƙwanson da Na'ura Ta Ce Ba a Haife Shi Ba

Akwai laifin da ya fi sata muni: mutum ya yi ɓarna da hannunsa, sa'an nan ya gyara zama ya zuba ido ana neman hallaka na ƙasa da shi a madadinsa. Ba ma zuba idon ba, shi ne zai fi kowa ɗaga murya a kamo mai laifi. Labarin irin wannan mutum zan ba ku. Ku saurara da kyau, musamman ku masu dogon karatu, don a cikinku abin ya faru.

A bakin teku akwai wata ma'aikatar bincike, gidan bene, sama da ƙasa. Mutanen sama aikinsu gano shekarun lakar ƙarƙashin teku. Jirgin ruwa kan fita ya caka dogon bututu a can ƙasa, ya zaro laka. Cikin lakar akwai ƙwanson wasu 'yan halittu da suka mutu tun zamanin da ba wanda ya san labarinsa, kowane ƙwanso bai kai ƙwayar gishiri ba. Ana wanke lakar a rariya, a tsince ƙwanson ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin madubin nan mai girmama ƙaramin abu, a kai wa na'ura. Masana sun ce duk mai rai yana ɗauke da wani irin sinadari, kabon suke ce masa, in ya mutu sai ya riƙa raguwa a jikinsa sannu-sannu bisa ƙa'ida. Na'ura ta auna abin da ya saura, ta faɗi shekarun mutuwa. To da yake abin da ake aunawa bai kai abin da za ka ɗauka da yatsa biyu ba, maiƙon hannu ko ƙurar riga ya isa ya sa na'ura ta yi ƙarya.

A ƙasa kuma akwai ɗaki mai jar ƙofa. Su can sayo wannan kabon suke yi a 'yan kwalabe, haɗaɗɗe, mai ƙarfi ninkin-ba-ninkin, suna ciyar da gansakukar teku da shi don su ga yadda take ci. Ba ya cutar da mutum in an kiyaye. Amma ba a ganinsa, ba shi da wari, kuma duk abin da ya taɓa ya manne. Shi ya sa aka kafa doka, aka rubuta ta a gindin matakala: wanda ya taka ɗakin ja ba ya hawa sama. Ko alƙalami ba ya ƙetarewa.

*

Ranar wata Litinin da hantsi Mai Na'ura ya faɗo ofishin shugabar ma'aikatar ba ko sallama, da takarda a hannunsa.

Ya ce, "Farfesa, ranki ya daɗe, dubi nan."

Ta gyara tabarau ta duba. Ta sake dubawa. Ta ce, "Lakar nan ai ta shekara dubu talatin muke tsammani. Me ya sa ka sa alamar ragi a gaban lambar?"

"Ba ni na sa ba. Na'ura ce ta ce ƙwanson nan bai mutu ba. Ba a ma haife shi ba tukuna. Sai nan da shekara dubu tara."

Farfesa ta zauna daɓas. Ta ce, "Guda nawa?"

"Duka arba'in ɗin. Na'urar ma ta ƙazantu, sai na yi sati uku ina wanke ta."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Abu ɗaya ne a duniya yake sa ƙwanso ya fito haka, kuma kowa a gidan ya san shi. Kayan ɗakin ja sun hau sama.

Ku san girman asarar. Shekara uku aka yi ana neman jirgin da ya ɗebo lakar nan. Wata bakwai Mai Tsinta ta yi a sunkuye a kan madubi, da ɗan buroshi mai siririn baki, tana tsintar ƙwanso ɗari tara-tara tana zubawa a kwalabe arba'in. Shekararta ashirin da biyu a kan wannan kujera, mijinta ya rasu, 'ya'ya huɗu a wuyanta.

Kafin azahar magana ta zagaye gidan. A ɗakin shayi kowa ya janye kofinsa daga na ɗan'uwansa. Direba ya ƙi karɓar hannun masinja.

*

Da la'asar aka taru. Mataimakin Farfesa, wanda kowa ke ce wa Dakta, shi ke shugabantar ɗakin ja, kuma shi ya rubuta dokar nan ta gindin matakala da hannunsa. Shi ya fara magana.

Ya ce, "Ni ban tsaya sanya ba. Ina jin labari na sa aka sauko min da buroshinta da mayafin da take ratayewa a bayan ƙofa, na auna a ma'auninmu na ƙasa. Duka biyun suna ɗauke da shi."

Mai Tsinta ta dafe ƙirji. "Mayafina?"

"Mayafinki. Kuma wa ke kawo ki aiki kullum a bayan babur?"

Kowa ya juya ya dubi Auta, ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke aiki a ɗakin ja a ƙarƙashin Dakta.

Auta ya miƙe. "Oga, ai ka san ni. Wanka nake yi in canza kaya kafin in taɓa babur ɗin nan."

"Zauna. Ban da haka, sau nawa aka gan ta tana lasar bakin buroshi?"

Mai Tsinta ta sunkuyar da kai, don wannan gaskiya ne, tsohuwar ɗabi'ar masu tsinta ce, ƙwanso ya fi kamuwa in bakin buroshin da danshi. Mai Na'ura ya ce yawu zai iya rage shekaru kaɗan, amma ba zai kai ƙwanso gaban zamani ba. Ba wanda ya saurare shi.

Dakta ya ce, "Ni shekara shida ƙafata ba ta taka matakalar nan ba. In ni zan kiyaye, wace ce ita?"

Farfesa ta ce Mai Tsinta ta zauna gida. Ranar Juma'a za a ba ta takardar sallama, ita da ƙaninta, sai in wani abu ya fito kafin nan.

*

Shugaban masu gadin gidan wani tsoho ne, ana ce masa Baba Mai Sawu. Shekara talatin ya yi a gandun daji yana bin sawun masu satar namun daji, kafin gwiwa ta ajiye shi a bakin get. Sunansa kawai ya iya rubutawa, shi ma sai ya ciji leɓe. Shi ya buɗe wa Mai Tsinta get, ya ga ta fita a ƙasa, ta ƙi hawa babur ɗin ƙaninta.

Washegari da sassafe ya tsaya a ƙofar Farfesa, hula a hannu.

"Ranki ya daɗe, in yi tambayar jahilci?"

"Baba, yau ba ni da lokaci."

"Gajera ce. Abin nan da kuka ce yana mannewa, in ya manne a nan, wani ya taɓa ya kai can, ina ya fi yawa?"

"A wurin farko mana. Kowane taɓi raguwa yake yi."

"To ai sawu ne, ranki ya daɗe. Wanda ya fito daga kogi, sawunsa ya fi jiƙa a bakin ruwa, yana tafiya yana bushewa. An ga abin a mayafinta, na yarda. Amma ba wanda ya tambaya, shigowa yake yi ko fita?"

Farfesa ta ajiye alƙalami ta dube shi da kyau. Ta ce abin mai yiwuwa ne: a goge wuri da 'yar takarda mai danshi, a sa a leda, a kai ma'aunin ɗakin ja. Matsalar ita ce mutum biyu ne kawai ke iya sarrafa ma'aunin, Dakta da Auta, kuma Auta ake tuhuma.

Tsoho ya ce, "A ba Autan. Ba zan rubuta komai a ledar ba, ko na so ma ban iya ba. Zare zan ɗaura wa kowace, da ƙulli irin nawa. Ya auna bai san ta wa ke hannunsa ba."

*

Aka sa masa farar riga har ƙasa, da hular leda, da safar hannu, aka rufe masa gemu. Mai Shara ta gan shi a matakala ta tuntsire da dariya.

"Baba, tiyata za ka yi, ko kai za a yi wa?"

"Ke zan fara yi wa. Kawo tsumman gogenki."

Dariyar ta ɗauke. "Au, yanzu kuma ni ce? Wallahi tsumma biyu gare ni, bokiti biyu. Na sama ko inuwar jar ƙofar nan bai taɓa gani ba. Su ɗakin ja su ke share kayansu. Dama na sani, in manya suka yi ɓarna, tsintsiya ake tambaya."

"Ba a tambaye ki ba tukuna kin amsa sau uku. Kawo."

Mai Na'ura ya buɗe masa ɗakin tsinta. Tsoho bai shiga ba sai da ya daɗe a bakin ƙofa yana kallo, kamar yadda yake yi a bakin mashaya. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, fari fat. Tebur ɗaya, kujera mai juyawa, madubi mai ido biyu, kowane ido da zoben baƙar roba a bakinsa. Kwalabe a jere a cikin kabad. Hoton yara huɗu a cikin leda, manne a bango.

Ya goge mariƙin ƙofa ciki da waje. Ya goge makunnin fitila, da bayan kujera, da tebur, da murfin kabad, da ƙusar da ake rataye mayafi, da robar idon madubi. Kowane goge da sabuwar safa. Ya sauka ya goge ƙarfen matakala, da tsumma, da kujerar babur ɗin Auta, da mariƙinsa. Leda ashirin da shida. Ya miƙa wa Auta a bakin jar ƙofa, bai taka ciki ba.

Auta ya karɓa. "Baba, wacce ce ta Yaya?"

"Da zan faɗa maka da ban wahalar da kaina da ƙulli ba."

*

Laraba da safe sakamako ya fito. Tsoho ya sa Mai Na'ura ya karanta masa lambobin, shi kuma yana jera zaren a kan tebur, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni.

Babur, babu komai. Tsumma, babu komai. Matakala, babu. Mariƙin ƙofa na waje, babu. Mariƙi na ciki, ɗan kaɗan. Ƙusar mayafi ta ɗan fi. Tebur ya fi ta. Murfin kabad ya fi tebur.

Mai Na'ura ya tsaya a kan ta ƙarshe. "Wannan mai ƙulli uku da madauki fa? Ta ninka duk sauran sau ɗari. Baba, ina ka goge?"

Tsoho ya tattara zarensa. Ya ce, "Ba da shi Mai Tsinta ta shigo ba. A ciki ta same shi, ta fita da shi."

*

Tsoho ya sami Mai Tsinta a tsakar gidanta tana wanke kwanonin da an riga an wanke. Ta shimfiɗa masa tabarma.

"Baba, ko ruwan gidana ka iya sha? An ce duk abin da na taɓa ya lalace."

"Kawo, har ƙari zan yi." Ya sha ya ajiye. "'Yata, ki tuna min. A watannin nan, akwai ranar da kika shiga kika tarar da abu ba yadda kika bari ba?"

"Babu. Ɗakin nan na san shi fiye da ɗakin kwanana."

"Kujera?"

"Tana inda take."

"Buroshi? Fitila?"

"Komai daidai." Sai ta tuna. "Sai dai ƙwanson da ya ragu."

"Ya ragu?"

"Wata Litinin, Farfesa ta yi tafiya. Na ɗaga kwalabe shida na ga kamar sun yi ƙasa. Na zazzage ɗaya na ƙirga, ɗari shida da 'yan kai. Ni kuwa ɗari tara nake zubawa. Na buɗe duka arba'in ɗin ina dubawa. Da na faɗa a ɗakin shayi aka yi min dariya, aka ce tsufa ne, in je a yanka min tabarau. Ni da ko allura a duhu ina zura wa zare! Sai na ja bakina na sake tsinta na cike."

"A ranar, da kika sa ido a madubi, yaya kika ji?"

Ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, sai ta tsaya. "Ƙarfe na ji. Sanyin ƙarfe a girata. Robar nan ta bakin idon an naɗe ta baya, duka biyun. Na sa yatsa na warware, na ci gaba da aikina."

"Da wannan yatsan kika gyara bakin buroshi?"

Ta dubi hannunta kamar ba nata ba. Ta ce, "Wayyo Allah. Ashe da hannuna na zuba musu."

"Da hannunki, amma ba ke kika kawo ba. Ki wanke fuska ki ci abinci."

*

Ya koma ya tari Mai Na'ura a bakin ɗakinsa.

"Malam, me zai sa mutum ya naɗe robar idon madubi?"

"Ai masu tabarau ke yin haka. In robar na tsaye gilashinka ba ya isa kusa, ba ka ganin komai. Sai ka naɗe ta, ka jingina tabarau a jiki. Ni ma haka nake…" Ya cire tabaransa ya riƙe a hannu, fuskarsa ta canza. "Baba, wallahi tallahi ban taɓa zama a kujerarta ba."

"Ban ce ka zauna ba. Su wa ke da tabarau a gidan nan?"

"Ni. Farfesa. Sakatariya. Sai Dakta."

"Kada ka gaya wa kowa abin da muka yi magana. Ko matarka."

A ofis Sakatariya ta ce makullin ɗakin tsinta biyu ne, ɗaya wurin Mai Tsinta, ɗaya a cikin tarin makullan Farfesa. In Farfesa ta yi tafiya, tarin na komawa hannun mataimaki, haka aka saba tun da. Ta ƙara da cewa ita ma tana iya ɗauka in ta so, Mai Na'ura ma yakan ara. "Baba, in makulli ne shaidarka, dukanmu ka ɗaure."

Ranar Alhamis Tsoho bai tambayi kowa komai ba. Ya jawo benci ya zauna a baranda, daidai inda ake hango cikin ɗakin ja ta gilashin ƙofa, yana jan carbi kamar mai jiran a tashi aiki. Auta na ciki da babban gilashin kariya a fuska. Dakta na gefe yana ɗiga ruwa daga 'yar kwalba, ba gilashin kariya, tabaransa kawai. Ɗakin da zafi. Tabaran ya zamo kan hanci, Dakta ya sa yatsa, da safarsa da komai, ya tura shi sama. Can ya sake zamowa, ya sake turawa. Tsoho ya ƙirga sau goma sha ɗaya kafin azahar.

Da aka tashi ya ga Dakta ya cire safa ya jefa a ganga, ya cire riga, ya canza takalmi, ya wanke hannu har gwiwa sau biyu, ya fito tsaf. Tabaran na fuskarsa.

*

Juma'a da ƙarfe goma aka taru a ɗakin taro na ƙasa. Takardun sallama biyu na gaban Farfesa, an buga, saura sa hannu. Mai Tsinta na can ƙarshen tebur, kujerun da ke gefenta babu kowa.

Tsoho ya jera zarensa ya yi bayani a taƙaice: sawun ya fi ƙarfi a robar idon madubi, ya bi ta yatsanta zuwa kabad da tebur da mayafi, ya mutu a bakin ƙofa. An tarar da robar a naɗe, kuma masu tabarau ke naɗe ta.

Ya ce, "Ku huɗu ne. Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri, da ke zan fara."

Farfesa ta cire nata ta ajiye ba musu. Sakatariya ta ajiye tana salati. Mai Na'ura ya ajiye.

Dakta ya yi 'yar dariya. "Yanzu mai gadi ne zai koya mana bincike?"

Farfesa ta ce, "Dakta, ni na cire."

Ya cire. Tsoho ya goge kowanne, gilashi da maƙalin hanci, ya ɗaura zare, ya cakuɗa ledojin a cikin hularsa, ya miƙa wa Auta.

Awa guda aka yi ana jira. Mai Shara ta kawo shayi ba wanda ya taɓa. Mutum huɗu na zaune da fuska tsirara suna ƙifta ido, tabaransu a jere a tsakiyar tebur.

Auta ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa. "Uku babu komai. Mai ƙulli biyu kuwa, ma'aunin har ƙara ya yi. Ban taɓa ganin irin wannan a wajen kwalba ba."

Tsoho ya ɗaga zare mai ƙulli biyu ya ajiye a gaban Dakta.

Auta ya ce, "Oga?" Muryarsa kamar ta yaro.

Dakta bai girgiza ba. Ya ce, "To sai me? A ɗakin ja nake aiki, dole tabarauna ya ɗauka. Sakaci ne, na amsa. Amma wa ya gan ni a sama? Me zan je yi?"

Tsoho ya ce, "Ban gan ka ba. Abin da na sani, tabarau ɗaya ne a gidan nan zai iya barin wannan sawu, kuma makulli na hannunka a makon. Abin da ka je yi kuwa, ƙwanso ya ragu a kwalabe shida. Inda ya tafi ne ban sani ba."

Sai aka ji kujera ta faɗi. Sakatariya ce ta miƙe, hannu a baki.

"Ambulan ɗin nan! Dakta, ambulan ɗin da ka ba ni wata Litinin da Farfesa ta yi tafiya, ka ce in aika wa masu na'ura na ƙasar waje, da sunanka kai kaɗai. Har na yi maka wasa na ce iska za ka aika? Ka ce gansakuka ce busasshiya." Ta juya ga Farfesa. "Ranki ya daɗe, sati biyu da suka wuce sun aiko wasiƙa da sunanki, an rubuta gaggawa a kai. Ya ɗauka a tirena, ya ce shi zai ba ki."

Farfesa ta ce, "Ba a ba ni komai ba." Ta miƙa hannu. "Kawo."

"Farfesa, bari mu yi magana mu biyu."

"A gaban mutane ka tuhume ta. Kawo."

Tana cikin jakarsa. Farfesa ta mayar da tabaranta ta karanta a bayyane. Masu na'urar can sun ce ƙwanson da aka aiko musu kashi shida ya ƙazantar musu da na'ura, sun rufe aiki, suna neman bayani, kuma suna gargaɗi kada a auna sauran ƙwanson lakar sai an bincika.

Mai Na'ura ya dafe kai. "Sati biyu! Ka sani tun sati biyu, ka bar ni na zuba arba'in a na'urata?"

Dakta ya dubi tebur. Ya ce shekara goma sha biyu yana mataimaki, duk abin da gidan ya gano da sunan Farfesa yake fita. Ya so ya riga ta sau ɗaya. Ya ce ranar Asabar ɗin da ya hau sama ya yi wanka, ya sa sabbin kaya daga leda, har takalmi ya saya, ya buɗe ƙofa da hankici. Kaɗan kawai ya ɗiba.

Mai Tsinta ta miƙe a hankali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Dakta, ranar da maigidana ya rasu kai ka kai ni gida a motarka. Da ka zo ka ce min ka yi kuskure, wallahi da na rufa maka asiri, mu san yadda za a yi. Amma ka aika a sauko maka da mayafina."

Ba ta jira amsa ba. Ta dubi ƙaninta ta ce, "Auta, tashi babur ɗinka ka kai ni gida, jiri nake ji."

Farfesa ta yaga takardun biyu, ta ce wa Sakatariya ta buga ɗaya sabuwa.

*

Rabin lakar na nan a ajiye a ɗakin sanyi, haka ake yi, ba a taɓa cinye ta duka. Aka kankare ɗakin tsinta, aka zubar da tebur da kujera da madubi, aka kawo sababbi. Mai Tsinta ta koma ta fara daga ƙwanso na ɗaya. Ta daina lasar buroshi, tana tsoma shi a ruwa mai tsabta, ta ce wannan kam laifinta ne, ba sai an sake gaya mata ba.

Dakta kuwa, ga abin da ya rasa, in ƙirga muku. Ya rasa kujerar mataimaki, wadda saura shekara biyu ta kai shi ta shugaba, don Farfesa ta riga ta rubuta sunansa a matsayin magajinta, bai sani ba. Ya rasa izinin taɓa kwalaben nan, ba a nan kawai ba, ko'ina. Ɗalibansa biyar suka nemi a canza musu malami a rana ɗaya. Masu na'urar ƙasar waje suka rubuta wa takwarorinsu cewa kada a karɓi ko ƙwayar yashi daga hannunsa. Ƙwanson da ya sata bai ba shi lamba ko ɗaya da zai rubuta ba. Auta, wanda ya yi masa biyayya shekara takwas, ya gamu da shi a hanya ya tsallaka titi. Motarsa sai da aka cire mata sitiyari da kujerar gaba. Littattafan ofishinsa, na shekara ashirin, aka auna aka ga duk ya lashe yatsa ya buɗe su bayan ya taɓa fuska, aka zuba su a gangar shara mai guba aka liƙe. Ranar da zai bar gidan ba a yarda ya fita da komai ba sai kayan jikinsa, ya sauka matakalar get yana laluben bango, don tabaran ma yana cikin gangar.